Tunjere, Awon Ciki da Jariran da Ba Sa Kai Ranar Suna

Duk matar da ta taɓa zuwa yankar katin awo a wani babban asibiti a Abuja ta san doguwar takardar nan ta gwaje-gwaje da ake miƙo mata kafin ta ga likita: rukunin jini, yawan jini, sikila, ƙanjamau, ciwon hanta, fitsari. A tsakiyarsu akwai wani layi mai haruffa huɗu, VDRL, wani wurin kuma a rubuta RPR. Ba kasafai ake yi wa mace bayaninsa ba, ita ma ba kasafai take tambaya ba. In kuɗin da maigida ya bayar bai kai ba, aka zo zaɓen wanda za a yi yau da wanda za a bari sai wani zuwan, shi ne yakan fara faɗuwa, don ba a san amfaninsa ba. Gwajin tunjere ne, kuma a duk takardar da wuya a sami wanda ya fi shi saurin ceton ran abin da ke ciki.

Sunan ciwon kamar na mutanen da ne. Tsofaffi sun san tunjere, wasu su ce kabba, sun kuma ga yadda yake cinye hancin mutum in ya tsufa a jiki. Matasan yanzu kuwa duk ciwon da ya shafi al'aura sun tattara shi sun kira shi sanyi, sai su nufi kemis ko wurin mai maganin gargajiya da ke talla da lasifika a bakin tasha. Alhali tunjere bai je ko'ina ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 8 masu shekara 15 zuwa 49 ne suka kamu da shi. A shekarar 2022 ɗin an sami kimanin 700,000 da ciwon ya bi daga uwa zuwa ɗan cikinta, 150,000 daga ciki suka zube ko aka haife su ba rai, wasu 70,000 suka koma kafin su cika wata guda. In aka cire zazzaɓin cizon sauro, babu cuta mai yaɗuwa da ta kai shi kashe jarirai a cikin mahaifa. Nijeriya kuwa, a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019, ta yi asarar jarirai sama da 170,000 da aka haifa ba rai bisa dalilai iri-iri, ba wanda ya fi ta sai Indiya da Pakistan. Yawancinsu a ranar ake binne su, a yi wa uwa ta'aziyya, a ce Allah ya sa mai ceto ne, ba a ɗebi jinin kowa an duba ba.

Ƙwayar da ke kawo ciwon siririya ce murɗaɗɗiya, sunanta Treponema pallidum, wasu masana biyu, Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann, suka gano ta a Berlin a 1905. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, lokacin da fata ta gogi inda miki yake. Ba a ɗaukarta a masai, ko a kwanon abinci, ko a gaisawa. Kamar mako uku bayan ta shiga jiki sai wani ɗan miki ya fito a inda ta shiga, mai taurin baki, marar zafi. A jikin mace yakan ɓuya a can ciki, a bakin mahaifa, ta yi ta harkokinta ba ta san da shi ba. Cikin mako uku zuwa shida sai ya warke don kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba, kuma duk abin da aka shafa a lokacin shi ke samun yabo. Bayan wasu makonni ko watanni sai ƙuraje su feso, har a tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba ƙaiƙayi, ga ɗan zazzaɓi, ga kaluluwa, wani lokacin gashi ya riƙa zuba. A ce maleriya ce ko taifot, a sha maganinsu. Su ma ƙurajen su baje. Daga nan ciwon ya kwanta shiru shekara da shekaru, sai can gaba ya taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi a jikin wasu. A cikin wannan shirun ne mace ke ɗaukar ciki tana jin kanta garau.

Ita garau take, amma ƙwayar na yawo a jininta, tana ratsa mabiyiya ta bi cibiya ta isa wurin ɗan tayi, a kowane wata na cikin. In ba a yi magani ba, tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na irin wannan cikin ba ya ƙarewa lafiya. Ko ya zube bayan ya yi ƙwari, ko motsi ya tsaya a wata na bakwai ko na takwas, ko a haifi bakwaini, ko ɗa ya zo da rai amma da ciwon a jikinsa. Wanda ya zo da rai ɗin ma sau da yawa ba a ganin komai ranar haihuwa. Sai cikin makonnin farko majina ta fara toshe masa hanci, mai kauri, wani lokacin da jini-jini, fatar tafin hannu da ta ƙafa ta riƙa saɓulewa, ciki ya kumbura saboda hanta da saifa sun girma, ido ya yi ɗorawa, jini ya yi ƙasa. Wani jaririn zai daina motsa hannu ɗaya, in an taɓa ya tsala ihu, a zaci ungozoma ce ta gurɗa shi wurin jawowa, nan kuwa ƙashin ne ya kumbura. Wanda ya tsallake wannan ba magani, bayan shekara biyu sai sauran su biyo baya: karan hanci ya lotsa, ƙwauri ya lanƙwaso gaba, haƙoran gaba na dindindin su fito da ɗan gibi a bakinsu, ido ya yi hazo, kunne ya toshe. Wani likitan Landan na ƙarni na 19, Jonathan Hutchinson, shi ya fara haɗa alamun haƙori da ido da kunnen nan wuri guda, har yau da sunansa likitoci ke kiransu.

Akwai abin da ya kamata Bahaushe ya tsaya ya duba a nan. Mun san wabi. Mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan na komawa, har a fara nuna ta da baki, a ce iska ce, a ce maita ce, a ce kishiya ce ta yi mata asiri, a ce ɗa ɗaya ne yake zuwa yana komawa. A yi wa na gaba tsaga a fuska, a sa masa Ajuji ko Ayashe ko Abarshi, wai ko mutuwa ta ƙyale shi. To wani likitan yara a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Max Kassowitz, tun ƙarni na 19 ya lura da yadda tunjere ke tafiya a jikin matar da ba a yi wa magani ba: cikin farko ya zube, na gaba a haife shi ba rai, na gaba ya zo da rai ya koma, na gaba ya rayu da laulayi, can daga baya a sami lafiyayye, domin ƙarfin ciwon wajen kama ɗan tayi yana raguwa da tsufansa a jikin uwa. Ba kullum yake bin wannan jerin daidai ba, amma wanda ya san labarin mai wabi zai ji kamar shi ake ba shi. Ranar da ɗa ya tsaya, sai a gode wa tsagar da sunan. Ba cewa nake kowane wabi tunjere ne ba. Sikila na yi, saɓanin rukunin jinin uwa da na ɗa na yi, hawan jini da ciwon suga da maleriya duk suna yi. Abin lura shi ne dukansu a wurin awo ake gano su, kuma a cikinsu tunjere ne ya fi sauƙin magani.

An gwada wannan a Afirka an gani. A Mwanza ta ƙasar Tanzaniya, wani bincike da Deborah Watson-Jones da abokan aikinta suka wallafa a 2002 ya duba matan da suka zo haihuwa ba a taɓa yi musu gwajin ba. A cikin masu ɗauke da ciwon da ƙarfinsa, ɗaya cikin huɗu ta haifi ɗa ba rai, a cikin marasa shi kuwa kamar ɗaya cikin ɗari. Kusan rabin jariran da aka haifa ba rai a cikin matan nan tunjere ne sanadinsu. Kashi na biyu na binciken ya bi waɗanda aka gano ciwon a wurin awo aka yi musu allura ɗaya tak, sai aka tarar haihuwarsu ba ta bambanta da ta masu lafiya ba.

Allurar ba sabuwa ba ce. Tun 1943 wani likita a Amurka, John Mahoney, ya nuna cewa fenisilin na warkar da tunjere, kuma sama da shekara 80 ke nan ƙwayar ba ta koyi bijire masa ba, abin da ba za a faɗa a kan yawancin magungunan da muke sha barkatai ba. Wadda ake yi wa mai ciki ita ce benzathine penicillin, awo miliyan 2.4, a tsokar mazaunai. In ciwon sabon kamu ne, sau ɗaya ya isa. In ya daɗe, ko ba a san yaushe ya shiga ba, sau uku ake yi, mako-mako, ba tsallake. Tana da zafi, ba a ɓoye wannan. Wasu kuma cikin kwana ɗaya bayan allurar sukan yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki saboda mutuwar ƙwayoyin, mai tsohon ciki ma tana iya jin mara na ɗaurewa. Wannan dalilin komawa asibiti ne a duba ta, ba dalilin gudun allura ta biyu ba. Kafso ɗin kemis ba ya maye gurbinta. Doxycycline da ake ba sauran mutane ba a ba mai ciki, erythromycin da azithromycin kuma ba sa ratsa mabiyiya yadda ya kamata, sai uwa ta sami sauƙi ɗa yana nan da ciwonsa. Wadda fenisilin ba ya karɓarta ta faɗa wa likita tun kafin a zuƙo allurar, akwai yadda ake yi.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne lokaci. Sai an yi allurar aƙalla kwana 30 kafin haihuwa ake lissafa cewa ta kare jaririn, kuma gwargwadon saurin yinta gwargwadon amfaninta, domin ba ta dawo da wanda ya riga ya mutu a ciki. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas, na farko cikin mako 12 na farkon cikin. Mu kuwa fa? Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 67 cikin ɗari na matan Nijeriya ne suka yi awo wurin ƙwararren ma'aikaci, kashi 57 suka je sau huɗu ko fiye, amma kashi 18 kacal suka fara cikin wata uku na farko.

Abuja ta fi yawancin jihohi zuwa awo, ba musu. Ga Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, wanda asalinsa ma don mata da yara aka gina shi, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ga na Asokoro da Maitama da Wuse da Kubwa da Nyanya, ga ƙananan cibiyoyin lafiya a unguwanni. Sai dai Abuja ba Maitama ce kaɗai ba. Ƙananan hukumomi shida ne, har da Kwali da Abaji da Kuje da Bwari masu ƙauyuka da rugage. Akwai matan masu gadi da 'yan acaɓa da leburori a Mpape da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei da Zuba. Akwai waɗanda mazansu ke aiki a birni amma kwana sai Mararaba ta jihar Nasarawa ko Suleja ta jihar Neja. Akwai matan da rikicin Arewa maso Gabas ya koro suka zauna a sansanonin Durumi da Kuchingoro da Wassa. A wurin da yawa daga cikin waɗannan, katin awo tikitin shiga ɗakin haihuwa ne: ana yankarsa a wata na bakwai don kada ranar naƙuda a ce ba a san ki ba. Mai cikin fari kunya ke hana ta, ba ta son a ce ta yi rawar kai. Wata tsoron baki ne, gara a ɓoye har sai ciki ya tona kansa. Mai na biyar kuwa cewa take ta saba, me za su gaya mata?

Akwai wata ɓaraka kuma da ta shafi garin baƙi irin Abuja. Yarinya ta yi awo sau ɗaya a nan, an ɗebi jini an ce ta dawo mako mai zuwa ta karɓi sakamako. Kafin makon ya zagayo an sa ta a mota zuwa Funtuwa ko Gusau goyon ciki, wurin iyayenta za ta haihu. Sakamakon na nan a cikin fayil, ita tana can. Ko ba tafiya ma, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, "ki dawo mako mai zuwa" ta zama magana mai tsada ga wadda sai ta hau mota biyu kafin ta iso. A ganina duk tsarin da ya raba ranar gwaji da ranar allura ya riga ya yarda zai yi asarar wasu jariran.

Maganin wannan ya samu. Akwai ɗan abin gwaji na nan take, a tsira yatsa a ɗiga jini, cikin minti 20 ya nuna ƙanjamau da tunjere a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancin irinsa na farko a 2015, a 2019 ta ba da shawarar a fara da shi a wurin awo, a ƙarshen 2021 kuma farashinsa ya sauko ƙasa da dala ɗaya. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka karɓe shi. Hikimar haɗa su ita ce shekaru da yawa gwajin ƙanjamau kyauta ne saboda tallafin ƙasashen waje, na tunjere kuwa sai an biya, har ya zama ana iya tsare jariri daga ƙanjamau da magani mai tsada, sannan tunjere ya ɗauke shi don rashin allurar da ba ta kai kuɗin ragon suna ba, ko kusa. Abu ɗaya da za a kiyaye: wannan gwajin na nan take yakan ci gaba da nuna alama har ƙarshen rayuwa ga wanda ya taɓa yin ciwon ko da ya warke, don haka wadda aka taɓa yi wa allurar ta faɗa, a yi mata ɗaya gwajin da ke auna ƙarfin ciwon a jini.

Kada a ɗauka sai ƙasa mai arziki ke iya wannan. Kyuba ce ta fara samun shaidar kawar da yaɗuwar ƙanjamau da tunjere daga uwa zuwa ɗa, ranar 30 ga Yunin 2015, Tailan ta biyo baya a 2016. Ma'aunin a fili yake: kashi 95 na masu ciki su je awo, kashi 95 nasu a gwada su, kashi 95 na waɗanda aka samu da ciwon a yi musu magani. Amurka kuwa da duk dukiyarta baya ta koma, daga jarirai 335 da aka haifa da tunjere a 2012 zuwa sama da 3,700 a 2022, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce kusan tara cikin goma da an gwada uwayen an yi musu magani a kan kari da ba a kai ga haka ba. A 2023 ma allurar kanta ta yi musu ƙaranci, domin magani ne da kamfanoni ƙalilan ke yinsa. Wannan gargaɗi ne ga masu sayo magani na Hukumar Birnin Tarayya da Ma'aikatar Lafiya: kwalin gwaji ba allura a kusa da shi aikin banza ne. A Abujan nan ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a watan Afrilun 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya, kasafin tarayyarmu bai taɓa kaiwa nan ba, amma wannan aikin ba sai an jira cikar alkawarin ba.

Saura maigida, kuma a nan ne magana ke yawan tsayawa. An yi wa mace allura ta warke, ta koma ɗakin mijin da ba a yi wa ba, sai ta sake ɗauka, domin tunjere ba ya barin rigakafi a jikin wanda ya taɓa yinsa. Sabon kamu a tsakiyar ciki kuwa shi ya fi kowanne haɗari ga ɗan. Nas ta ce, "Hajiya, ki ce wa maigida ya zo." Ta isar da saƙo in ta iya. Ya ce, "Ni lafiyata ƙalau, me zan je yi layin mata?" Gaskiya ya faɗa, ƙalau yake jin kansa, haka ciwon yake. In gidan mata biyu ne ko uku, duk sai an gwada su, mai ciki da marar ciki, kuma a dakata da kwanciya har sai mako guda ya wuce bayan an gama yi wa kowa magani.

Abin da ke hana mace buɗe baki shi ne tsoron a ce ita ta jajibo, a bi ta da takardar saki. Ya kamata maza su sani cewa gwajin ba ya nuna wa ya kawo wa wani. Ciwon da ke iya kwanciya shekara goma ba alama yana iya zama gadon auren fari, nata ko nasa, ko na kishiyar da ta riga ta fita. A garuruwanmu da aure ke mutuwa a sake wani, wannan ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa ya fi kyau ma'aikatan asibiti su kira mijin da kansu su yi musu bayani tare, a ɗaki ba a bainar jama'a ba, maimakon a ɗora wa mace kayan da ya fi ƙarfinta. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, mataki ne mai kyau, sai dai gwajin ranar ɗaurin aure ba ya tsare cikin da za a ɗauka bayan shekara shida. Kowane ciki da nasa gwajin, inda ake da fargaba ma a maimaita wajen wata na bakwai da kuma ranar haihuwa.

Wadda ba a gano nata ba sai a kan gadon haihuwa, ba a makara gaba ɗaya ba. Ana kwantar da jaririn a yi masa fenisilin na aƙalla kwana goma, in an fara da wuri yakan warke ya tashi kamar kowane yaro, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono muddin ba miki a kan nonon. Wadda kuwa ta haifi ɗa ba rai, ko a asibiti ko a gida, a ɗebi jininta a yi gwajin tunjere kafin ta gama wankan jego, mijinta ya raka ta a ɗebi nasa, tun wani cikin bai shiga ba.